Ledar Da Ƙasa Ke Ci: Wa Zai Biya, Wa Zai Ci Riba?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa, maganar da mu ke so mu yi da ku a wannan mako maganar leda ce. Wani zai ce, duk wahalar da ke ƙasar nan, ashe leda kaɗai jarida ta gani? To, a yi haƙuri a karanta tukuna. Wanda ya taɓa kwashe ruwa daga ɗakinsa da tsakar dare cikin watan Agusta, domin leda ta toshe kwatar unguwa, ya san ba ƙaramar magana ba ce. Mahaucin da ya farke tumbin saniya ya ciro dunƙulen leda kamar kan mutum, shi ma ya sani. Haka kuma matar da akuyarta ta yi ta ramewa har ta mutu, ba a gane cutarta ba sai bayan an feɗe.

Yanzu mahukunta sun fara farkawa, kuma kowa ya san irin farkawarsu, watau doka da tara. Cikin watan Janairu na 1924 da a ce an faɗa wa kakanninmu za a yi dokar hana abin ƙunshi, da sun yi dariya, amma cikin Janairu na 2024 Jihar Legas ta hana farar robar nan mara nauyi da a ke zuba shinkafa a ciki, sa'an nan tun ran 1 ga Yuli, 2025, ta soma kama masu sayar da siririyar leda da cokula da kofunan roba na amfani sau ɗaya. Ruwanda ta hana leda tun 2008. Kenya ta bi a 2017, da hukunci mai tsanani, har ɗaurin shekara huɗu. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi tasu dokar a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram bayan wannan, ya ga baƙar leda tana nan yadda ta ke. Abin da ya faru a Legas kuwa ba zai tsaya a Legas ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da za ka yi da naka.

Ba mu ce leda abin kirki ce ba. Amma mai koko da mai manja da mai tumatir ba su ne su ka ƙago ta ba, an kawo musu ne, su ka karɓa domin ta fi kome araha. Ran da a ka hana ta, ba mai masana'anta za a ja zuwa gaban alƙali ba, mai tebur a bakin titi za a kama. Sabo da haka tambayar da ta kamata ita ce, in an hana, da me za a maye? A nan ne za ku soma jin wata sabuwar magana daga bakin manya da 'yan kwangila, wai akwai roba mai ruɓewa. Gara mu bayyana muku ita tun yanzu, don kada a zo a ruɗe ku da Turanci.

Ledar da mu ka saba da ita daga man fetur da iskar gas a ke yin ta. A Ingila a ka gano yadda a ke haɗa ta a 1933, a ɗakin gwajin wani babban kamfani mai suna ICI, kuma jakar nan mai hannu biyu wani mutumin Suwidin ya ƙago ta, a ka yi mata rajista a 1965. Dalilin da ya sa ba ta ruɓewa shi ne, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ke cinye ganye da kashin shanu da mushe, ba su san ta ba, ba su da abin narkar da ita. Rana ta kan farfasa ta, ta zama gutsattsari, amma gutsattsarin suna nan. Duniya tana yin roba wajen tan miliyan 400 kowace shekara, abin da a ke sake narkarwa a yi wani abu da shi kuwa bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Sauran sai juji da kogi da wuta, da cikin dabbobi.

To, ita sabuwar fa? Ku da ku ke yin daddawa, ko ku ke barin madara ta kwana ta zama nono, kun daɗe kuna aiki da ƙwayoyin bakteriya ko da ba ku taɓa ganinsu ba, gama sai da madubin likita a ke ganinsu. Ba dukansu ke kawo cuta ba. A cikinsu akwai waɗansu masu hali irin na mai tanadi. In sun sami sukari ko mai da yawa, amma su ka rasa naitirojin, watau sinadarin nan da ke cikin takin zamani, ba su iya hayayyafa, sai su tara abincin a cikinsu ƙwaya-ƙwaya, kamar yadda rago ke tara kitse, don ranar yunwa. Wannan abin da su ka tara, in an fasa su an wanke shi an shanya, farin gari ne, in an narkar da shi kuwa sai ya zama roba. Wani masani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, shi ya fara gane haka a 1926. Masana na kiransa PHB, danginsa duka kuma PHA. Akwai wata irin ƙwaya da, in an kiwata ta da kyau a cikin tanki, har kashi 80 cikin 100 na busasshen jikinta ya kan zama wannan roba. Tun da ya ke abincin ƙwayoyin ne tun asali, in an yar da shi a ƙasa mai laima ko cikin ruwa, 'yan'uwansu su kan gane shi su cinye, ya koma iska da ruwa. Wannan gaskiya ce, ba tatsuniya ba.

Amma tana da aibu. PHB zalla gautsi gare ta, in an lanƙwasa sai ta karye. Ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 175, kuma in ya ɗan wuce haka sai ta soma lalacewa a cikin injin. Ga ta da tsada. Domin maganin waɗannan ne masana su ka koma ga wata dabara wadda kowane magini a ƙasar Hausa ya sani. Wa ya taɓa kwaɓa ƙasar tubali ba ramno? Ƙasa kaɗai tsagewa ta ke yi, ciyawa kaɗai ba ta tsayawa, amma in an haɗa su sai a sami katangar da za ta ga jikoki. Abin da ke ba ciyawa da kara da itace ƙarfi shi ne wani zare da a ke kira selulos, wanda wani Bafaranshe kuma, Anselme Payen, ya fara warewa a 1838. Auduga kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce, itace kuwa wajen rabi. In an niƙa wannan zare an cuɗa shi da robar ƙwayoyin, abin da ya fito ya kan fi tauri, ya kan fi saurin daskarewa a cikin ma'auni, kuma tun da zaren ya cike wani kashi na jikin, robar mai tsada da za a zuba ta ragu. Duka biyun kuma ƙasa na cin su. Wahalar da masana ke fama da ita har yanzu ita ce, selulos na son ruwa, robar kuwa ba ta so, don haka ba su kama juna sosai sai an gyara fuskar zaren tukuna, kuma in zaren ya yi yawa gautsin ya kan dawo.

A nan sai mu faɗa muku abin da mai talla ba zai faɗa ba. Wannan haɗi ya fi dacewa da abubuwa masu tauri, kamar faranti da cokali da tire da murfi, da tukunyar renon dashe wadda za a binne tare da itacen. Siririyar ledar da a ke ƙulla manja ko kunu a ciki wani aiki ne dabam, tana bukatar wata irin roba mai laushi daga cikin dangin, ita ma kuwa da tsadarta. Kuma ruɓewar ba ta dare ɗaya ba ce. Waɗansu masana a Ostareliya sun yi lissafi a 2019 cewa kwalbar ruwa ta irin wannan roba za ta ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa uku da rabi kafin ta ƙare a cikin teku. A busasshiyar ƙasar rani irin tamu, inda ko ganye ya kan kwana wata da watanni bai ruɓe ba, sai damina ta sauka aikin zai soma. Wanda ya zuba ta a kwata yau, za ta toshe kwatar gobe kamar kowace leda.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. Kamfanin ICI ɗin nan da ya ba duniya leda, shi ne kuma ya fara sayar da robar ƙwayoyin, da sunan Biopol, har a 1990 a ka yi kwalbar sabulun wanke gashi da ita a Jamus. Cinikin bai yi ba. A ka sayar wa Monsanto na Amurka a 1996, su ma su ka bari a 1998. Waɗansu kamfanoni biyu na Amurka, Metabolix da ADM, su ka gina masana'anta a Jihar Iowa mai iya yin tan 50,000 a shekara, a farkon 2012 haɗin ya watse. Wani kuma, Danimer, ya kai kansa kotu a kan karayar arziki cikin watan Maris na 2025. Akwai waɗanda ke ci gaba, kamar Kaneka a Japan, amma duk robar da a ke yi daga tsiro ko ƙwayoyi a duniya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na robar da a ke yi ba. Dalili ɗaya ne ya kayar da su duka, robar fetur ta fi araha nesa ba kusa ba. Babban kashi na tsadar kuwa, daga sulusi har zuwa rabi, kuɗin abincin da a ke ba ƙwayoyin ne.

Wannan ne ya kawo mu inda maganar ta shafe mu kai tsaye. In abincin ƙwayoyin ne tsadar, zaren tsiro kuma shi ne mai rage ta, to, ina a ke samun waɗannan abubuwa a banza? A je bayan injinan shinkafa na Kura a ga tulin buntu ana cinna masa wuta, hayaƙi na shiga idon mutane. Buntu wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, kuma wajen sulusinsa selulos ne. A je Maƙarfi lokacin mazarƙwaila a ga abin da ke saura bayan an matse rake. A je Numan, inda a ke yin sukari, akwai baƙin maɗin da ke saura, wanda ƙwayoyin ke ci da marmari. Ga rama, wadda iyayenmu ke tufka igiya da ita, tana cikin zaren da masana su ka fi gwadawa. A Barazil, a wani gari mai suna Serrana, a jikin masana'antar sukari a ka kafa wurin yin PHB, sukarin ya ciyar da ƙwayoyin, matsattsen raken kuma ya hura wutar injin. Ba wani sihiri a ciki.

Amma mu talakawa mun taɓa ganin irin wannan rana. Iyayenmu sun noma gyaɗa, a ka tara ta dala-dala a Kano, hukumar ciniki ta yanka farashin da ta ga dama, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko, a ka matse ta a Turai, a ka dawo mana da sabulu a kan kuɗin da su ka so. Auduga ma haka. Da a ka ce za a gyara, an buɗe masaƙa a Kaduna a 1957, dubban mutane su ka ci abinci a cikinta, a 2002 a ka rufe ta, yau ɓeraye ke gadi. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku, waɗanda aikinsu ke nan fitar da selulos daga itace, an bar su sun durƙushe shekara da shekaru, muna sayen takarda daga waje. In ba a tashi tsaye ba, ga yadda sabon labarin zai kasance. Za a yi dokar hana leda. Za a ba wani na kusa da gwamnati lasin shigo da mai ruɓewa daga waje. Mai koko za ta saye ta ninkin ba ninkin, ko ta ci tara. Buntun Kura kuwa zai ci gaba da cin wuta, ko kuma wani ya zo ya kwashe shi a bagas ya tura waje. Ma'aikatan masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Chalawa, waɗanda su ma talakawa ne 'yan'uwanmu, a sallame su.

Akwai kuma wani hatsari, shi ne a ɗauki abincin mutane a ba ƙwayoyi. A Amurka da sukarin masara su ka ciyar da su, gama su masara ta yi musu yawa. Mu nan kwanon masara shi ne tsakanin yaro da yunwa. Duk wanda ya zo da shirin yin roba daga masara ko rogo ko dawa, a tambaye shi me zai faru da farashin kwano a kasuwar Dawanau. Ko karan dawa ma ba shara ba ne, kada wani ɗan boko da bai taɓa kwana a ƙauye ba ya rubuta shi a takarda a kan abin banza. Da shi a ke danni, da shi a ke girki, shi shanu ke ci da rani, abin da ya saura kuma shi ke komawa gona ya zama taki. Abin da ya kamata a taɓa shi ne wanda a ke ƙonewa ko a ke zubarwa. Gaskiya ne fitar da sukari daga buntu ko matsattsen rake ya fi wuya, sai an jiƙa an dafa an sa magani, amma ai don irin wannan wuya a ke biyan masana albashi.

Sa'an nan a yi hattara da tambarin ƙarya, gama shi zai fara isowa kasuwa kafin na gaskiya. Akwai ledar fetur da a ke zuba wa wani magani don ta yi saurin farfashewa, a buga mata hoton koren ganye a ce mai ruɓewa ce. Ba ruɓewa ta ke yi ba, gari ta ke zama, garin kuwa roba ne, yana shiga ƙasa da ruwan sha. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana irinta tun watan Yuli na 2021, kuma kun san inda kayan da Turai ta ƙi ya kan nufa. Akwai wata kuma, PLA, wadda a ke yi daga masara ko rake, ita sai an kai ta wurin yin taki na musamman mai zafin wajen digiri 60 kana ta ruɓe, a juji kuwa sai ta zauna. A Jami'ar Plymouth ta Ingila an binne jakunkunan da a ka rubuta musu masu ruɓewa, bayan shekara uku a ka tono su, a 2019 a ka ba da labari cewa waɗansunsu har yanzu suna ɗaukar kayan cefane ba su yage ba. Turawa ke nan a ka yi wa haka a ƙasarsu, balle mai tebur a Sabon Gari.

Gwamnatin Tarayya ta amince da tsarin kula da sharar roba tun 2020, a 2024 kuma ta ce ta hana robar amfani sau ɗaya a ofisoshinta. Takarda dai an rubuta. Abin da mu ke nema a bayan takardar ba shi da wuyar ganewa. Kada a kama ɗan kasuwa ko ɗaya a kan leda sai an nuna masa abin da zai maye ta da shi, da farashinsa, a rumfar da zai saya. Kafin a sa ranar hani a kowace jiha, a zauna da shugabannin kasuwa da mahauta da masu abinci, ba a otal a Abuja ba, a cikin kasuwar. Hukumar SON ta fitar da ma'auni, ta gwada duk abin da a ka ce yana ruɓewa a cikin ƙasarmu da ruwanmu, wanda ya buga tambarin ƙarya kuwa shi za a ci tara, ba wadda ta saya ba. Muna da hukumar binciken ɗanyen kaya a Abuja, wadda a ka kafa a 1987, muna da cibiyar binciken sinadarai a Basawa ta Zariya, ga Samaru kusa da ita. A ba su kuɗi da wa'adi su kafa ƙaramin wurin gwaji kusa da injin shinkafa ko na rake, su fara da abu mai sauƙi kamar farantin abinci da tukunyar dashe, su fito su gaya wa jama'a nawa kowane ɗaya ya ci, ko ya yi araha ko bai yi ba. In kuwa buntu da rama su ka zama kayan sayarwa, manoma da masu ƙananan injina su haɗa kai su yanka farashinsu da kansu, kada a sake kafa musu wata hukumar ciniki.

Kafin wannan rana, akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Iyayenmu mata sun yi cefane da kwando da ƙwarya, an naɗe goro da ganye, an ƙunshe tsire da takarda, mai sayen mai ya zo da kwalbarsa. Ba mu ce a koma jiya dungum ba, kunu ba ya zama a kwando. Amma albasa uku ba ta bukatar leda biyu, kuma kowace ledar da mai tebur bai bayar ba, kuɗinta ya zauna a aljihunsa. Masu saƙar kwando da jakar kaba su ma za su sami ciniki.

In wani dillali ya kawo muku leda ko faranti ya ce mai ruɓewa ne, kada ku zuba jarinku tukuna. Ku tambaye shi sunan robar da ƙasar da a ka yi ta, ku sa ya rubuta muku a rasit. Ku karɓi guda biyu, ku binne ɗaya a gindin randa inda ƙasa ba ta bushewa, ku ajiye ɗayar a rumfa, ku rubuta ranar. Bayan wata uku ku tono ku gwada su. Abin da ku ka gani ku kai wa sakataren reshenku ya aiko mana, za mu buga shi a wannan shafi.